Yadda ake rubuta fim ɗin barkwanci na 'yan sanda biyu da jininsu bai haɗu ba

Duk wanda ya zauna kallon irin wannan fim ya san ƙarshensa tun ba a je ko'ina ba. Mutum biyu ne da ba sa ga maciji da juna, an haɗa su bincike ɗaya, an cusa su mota ɗaya, kuma ko ba daɗe ko ba jima za su shirya. Tun 1982 da Walter Hill ya fitar da 48 Hrs. Hollywood take bin wannan gwadabe, ko da yake a can ɗaya ne kawai ɗan sanda, ɗayan fursuna ne da aka aro daga gidan yari na awa 48. Lethal Weapon ya biyo baya a 1987, Rush Hour a 1998, Hot Fuzz a 2007, The Heat a 2013. Indiyawa ma sun taɓa nasu, kamar Main Khiladi Tu Anari na 1994, inda aka liƙa wa sufeto wani jarumin fim da yake son koyon yadda 'yan sanda suke aiki.

Tunda ƙarshen a fili yake, abin da mai kallo ya zo gani shi ne hanyar. Yana so ya ga yadda za a yi wannan mai taurin kan ya sauko, da abin da saukowar za ta ci masa. A nan galibin masu koyo suke faɗuwa: su sa jaruman su yi ta zage-zage na awa guda, sai a wayi gari sun rungume juna don kawai lokaci ya ƙure. Abota a fim sai an biya kuɗinta a gaban mai kallo. Ga yadda ake tsara biyan.

Mataki na 1: Ka sa saɓaninsu ya zama a kan yadda ake aikin

Dogo da gajere, mai ƙiba da siriri, mai surutu da shiru-shiru, duk wannan ado ne na fosta. Zai ba ka dariyar minti biyar. Wanda zai riƙe maka fim na minti casa'in zuwa ɗari shi ne saɓani a kan tambaya guda: yaya ake kama mai laifi? Ɗaya ya yi imani da doka da takarda da bin layi, ɗayan ya yi imani da sanin unguwa da ƙwaƙwalwar titi. Ko ɗaya yana tsoron mutuwa, ɗayan yana nemanta.

Dubi The Heat. Ashburn jami'ar hukumar FBI ce daga New York, komai nata a kan ƙa'ida, ga ji da kai, abokan aikinta duk sun tsane ta. Mullins kuwa 'yar sandan Boston ce mai ɗanyen baki, wadda shugabanta ma shakkarta yake ji. In aka kawo musu wanda ake zargi, ɗaya za ta buɗe fayil, ɗayar za ta nemi abin jifa. Ka ga ba sai marubuci ya ƙirƙiro musu dalilin faɗa ba. Kowace fitowa ta aiki da kanta take haifar da rigima.

Ka ɗauki takarda ka rubuta yanayi biyar: ƙofa a kulle, shaida ya ƙi magana, oga ya ce a dakata, ɓarawo ya tsallake katanga, an ba su abinci kyauta. A ƙarƙashin kowanne ka rubuta abin da kowannensu zai yi. In ka samu wuri biyu da amsarsu ta zo ɗaya, to ba ka gama ƙera su ba tukuna.

Sai sharaɗi ɗaya da ba a tsallakewa: dole kowa ya kasance da gaskiyarsa. In ɗaya gwani ne ɗayan kuma dolo zalla, ka rubuta labarin ubangida da yaronsa ne. A The Other Guys na 2010, Gamble mutumin tebur ne da kowa yake yi wa dariya, har bindigar katako aka ba shi. Amma shi ne ya maƙale wa wani ɗan ƙaramin laifi na rashin takardar izinin kafa tsanin gini, kuma wannan zaren ne ya kai su ga badaƙalar maƙudan kuɗi.

Mataki na 2: Ka ba kowa mikinsa, ka rufe shi da wasa

Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya ce shi ba ya aiki da kowa, akwai abin da ya sa. Carter na Rush Hour, wanda Chris Tucker ya hau, ya cika fim da kuri da fankama, sai can a tsakiya muka ji cewa mahaifinsa ɗan sanda ne da aka harbe a wajen tsayar da mota, abokin aikinsa bai fito ya kare shi ba. Jimla biyu ko uku ne kawai, amma daga nan duk iyayin da ya yi a baya ya sake ma'ana. Riggs na Lethal Weapon matarsa ce ta rasu, rayuwar ta fita daga ransa, yana yawo da harsashi guda da ya ware wa kansa. Abokin aikinsa Murtaugh kuma ranar da fim ya buɗe ya cika shekara 50, ga mata ga 'ya'ya, burinsa ya koma gida lafiya. Mullins ita ta kama ɗan'uwanta da hannunta ta kai shi gidan yari, danginta suka juya mata baya. Ashburn a hannun masu riƙo ta tashi, har kyanwar da take ɗebe kewa da ita ta maƙwabta ce.

Ka lura da yadda mikin ɗaya yake dacewa da abin da ɗayan yake da shi. Marar iyali an haɗa shi da mai gida cike da yara. Wadda ba ta da dangi an haɗa ta da wadda dangi suka yi mata yawa. Wannan da gangan ake yi, tun a takarda.

Kada ka fallasa mikin da wuri, kuma kada ka bari jarumi ya tsaya yana bayaninsa da hawaye da kiɗan tausayi. Fim ɗin barkwanci ne. A faɗe shi a gurguje, a bakin rumfar mai abinci ko a cikin mota, ɗayan ya rasa abin cewa, sai ya sako wata shirmen magana don ya kawar da nauyin.

Mataki na 3: Ka ƙulla su yadda ba mai iya tsinkewa

Mai kallo zai tambaya, me ya hana ɗaya ya kama gabansa? Amsar “oga ne ya ce” ta yi rauni ita kaɗai. Ka ƙara mata agogo ko buƙata. Cates, ɗan sandan 48 Hrs., yana da awa 48 kafin ya mayar da fursunansa, shi kuma fursunan yana da kuɗin da ya ɓoye yake so ya kare. Lee na Rush Hour, ɗan sandan da Jackie Chan ya hau, ya zo Los Angeles daga Hong Kong saboda an sace 'yar ƙaramin jakadan Sin, yarinyar da shi ya koya wa kare kai, ita kuwa FBI ta ɗauko Carter ne don kawai ya yi ta zagaya gari da shi kada ya sa baki a binciken. Su biyun duk an raina su, kuma wuri ɗaya ne ya raina su.

Ƙullin da ya fi burge ni na wani fim ɗin Kanada ne, Bon Cop, Bad Cop, na 2006. An tsinci gawa a rataye a kan allon iyakar lardin Ontario da na Quebec, rabi nan rabi can. Dole ɗan sandan da yake Turanci da wanda yake Faransanci su raba aikin. Hoto ɗaya ya gama bayanin komai.

Mataki na 4: Haɗuwar farko ta zama kuskure

Kada su haɗu a ofis ana gabatar da su cikin ladabi. Su fara cin karo kafin su san juna, ɗaya ya yi wa ɗayan abin da zai zo yana jin kunyarsa. Murtaugh ya hango wani mai birkitaccen gashi da bindiga a cikin caji ofis, ya daka masa tsalle, sai ga shi a ƙasa, aka ce masa ai sabon abokin aikinka ke nan. Angel na Hot Fuzz, wanda aka koro daga Landan zuwa ƙauyen Sandford saboda ƙwazonsa yana kunyata sauran, a darensa na farko ya kama wani da ya sha ya yi tatul yana neman tuƙa mota. Da safe ya tarar mutumin ɗan sanda ne, shi ne abokin aikinsa Danny, kuma ɗan sufeton ofishin. Lee ya ƙyale Carter ya yi ta daka masa tsawa da tunanin ba ya jin Turanci, alhali yana ji sarai.

Amfanin wannan biyu ne. Akwai dariyar nan take, sannan ka dasa ƙullatar da za a yi ta tonowa har tsakiyar fim. Ka yi ƙoƙari hakan ta faru kafin minti na goma sha biyar. A al'adar rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne, don haka ka san shafin da kake nema.

Mataki na 5: Tsakiyar fim, inda ake ainihin aikin

Nan ne fim yake rayuwa ko ya mutu, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa. Zaman doya da manja ba ya zama abota a tsalle ɗaya. Akwai matakala, kuma tsarinta yana da dalili.

Da farko gasa ce. Kowa yana neman ya yar da ɗan'uwansa ko ya nuna masa iyakarsa. Carter ya ɗaure Lee da ankwa a jikin sitiyari ya tafi harkarsa, Lee ya ciro sitiyarin ya tafi da abinsa. Ka ba kowannensu nasara a wannan zagaye, kada ɗaya ya yi ta cin ɗaya.

Daga nan sai ganin gwaninta. Kafin mutum ya so abokin aikinsa, sai ya fara yarda cewa ya iya aikin. Ka rubuta fitowar da kowa zai shiga fagensa, ɗayan yana gefe ya saki baki. A 48 Hrs. fursunan ne ya ari shaidar aikin ɗan sandan, ya shiga mashayar da ba a maraba da baƙar fata, ya hautsina ta shi kaɗai da baki, Cates yana kallo. Muhimmin abu a irin wannan fitowa shi ne fuskar mai kallon. Kyamara ta tsaya a kanta. Kuma kada ya yaba. In ya buɗe baki, kushe zai yi, amma mu mun riga mun ga idonsa.

Sai cin abinci, ko shiga gida. Wannan ce fitowar da ba a kama kowa, ba a harba komai, shi ya sa furodusa mai tsoron tsawo yake fara neman a yanke ta. Kada ka yarda. Riggs ya ci abincin dare a gidan Murtaugh, girkin uwargidan bai yi daɗi ba, suka fita waje suna hira, kuma daga daren nan ya samu inda zai koma. Danny ya zaunar da Angel, mutumin da bai san yadda ake ajiye aiki a huta ba, suka kwana kallon finafinan harbe-harbe har barci ya kwashe su a kujera ɗaya. Lee da Carter suna gadin wani gidan abinci a unguwar Sinawa suka ɓuge da koya wa juna rawa da dabarar ƙwace bindiga.

A nan ne zagin yake canza launi. Kalmomin ba su canza ba, dafin ne ya fita. Bahaushe ya san wannan a wasan taubasai, ko na Fulani da Barebari: maganar da baƙo zai faɗa a zare wuƙa, abokin wasa zai faɗe ta a yi dariya a ƙara masa fura. Aikinka shi ne ka ɗauki jaruman daga baƙunta zuwa wannan matsayi, kuma mai kallo ya ji lokacin da aka tsallaka ba tare da an sanar da shi ba.

Ga ɗan misali nawa. Sufeto mai bin ƙa'ida da kofur ɗan gari suna fakon wani shago da daddare. Tun farkon fim sufeton ya hana cin komai a motar.

Kofur ya buɗe ƙunshin tsire. Ƙamshi ya cika motar.

“Kofur, me na ce game da motar nan?”

“Yallaɓai cewa ka yi kada a ci abinci. Wannan ai shaida ce. Mai naman nan ya ga wanda ya shiga shagon jiya.”

“Shi ne ka sayi shaidar?”

“To yallaɓai, a garin nan wa zai gaya maka gaskiya ba ka sayi komai ba?”

Shiru. Sufeto yana kallon shagon, bai juyo ba, ya miƙa hannu.

“Wanda ba yaji.”

“Duk da yaji, yallaɓai.”

Ya karɓa. Ya ciro hankici ya shimfiɗa a cinyarsa tukuna.

Babu wanda ya ce “na fara yarda da kai”. An karya doka guda, an amince da dabarar kofur, amma hankicin yana nan, domin sufeton bai daina zama kansa ba. Kuma bincike ya matsa gaba, tunda an samu shaida. Duk fitowar da ta ba ka dariya da ci gaban bincike da motsin zumunci a lokaci guda, riƙe ta da kyau.

Mataki na 6: Ɓaraka

Wajen kashi biyu cikin uku na fim, sai a yi hannun riga. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gina rabuwar a kan rashin fahimta na banza, wanda waya ɗaya za ta warware. Ɓaraka ta gaske daga halin da muka sani tun farko take fitowa, kuma mikin nan na mataki na biyu take fama. Ashburn ta matsa a yi amfani da ɗan'uwan Mullins wajen samo bayani, aka gano shi, ya ƙare a gadon asibiti bai san inda kansa yake ba. Zaƙewar Carter ta ɓata biyan kuɗin fansa, masu garkuwa suka ƙara farashi daga dala miliyan 50 zuwa 70, aka ce Lee ya koma gida a kunyace. A 21 Jump Street na 2012, Jenko da kunnensa ya ji abokin aikinsa Schmidt yana kushe shi a gaban sababbin abokai.

Ka bar su su ɗanɗana kaɗaicin na ɗan lokaci. Fitowa ɗaya kowanne ta isa: ya juya zai yi magana, kujerar gefe ba kowa. Kada ka ja shi, mutane dariya suka zo yi.

Mataki na 7: Kowa ya ari halin ɗan'uwansa

Ban haƙuri da baki ba ya gyara abin da aka ɓata a aikace. Wanda ya yi laifin dole ya yi abin da a farkon fim ya rantse ba zai taɓa yi ba, kuma abin ya kasance na ɗayan ne. Ashburn, wadda ko ashar ɗaya ba ta iya furtawa, ta tsaya a ɗakin taro ta surfa wa jami'ai zagi saboda suna yi wa Mullins ba'a, zagin ma duk a karkace don ba ta iya ba. Fitowar tana ba da dariya, kuma ita ce ban haƙurin. Carter mai cewa ba ya buƙatar kowa ya je ya nemi taimakon abokiyar aikin da ya saba rainawa, ya yi shigar ma'aikacin filin jirgi, ya shiga jirgin ya roƙi Lee ya sauko. Angel mai bin littafi ya koma Sandford a kan doki, ya sha ɗamarar bindigogi kamar jaruman finafinan da Danny yake so. Danny kuma ya zaɓi doka a kan mahaifinsa, wanda shi ne jagoran masu kisan.

Wannan na ƙarshen ya nuna wani abu game da bos. A irin wannan fim ba a buƙatar bos mai zurfin tarihi, lokacin na jaruman biyu ne. Amma yana da kyau ya fito daga inda ɗayansu ya amince: tsohon ubangida, abokin uba, wani babba a ofis. Ta haka gano shi zai yi ciwo, kuma wanda aka raina tun farko shi zai rage a matsayin abin dogaro.

A faɗan ƙarshe ka tabbatar akwai abin da mutum ɗaya ba zai iya ba. In za ka iya cire ɗaya daga fitowar kuma a ci nasara, sake rubutawa. Lee ya faɗo daga rufin zauren baje koli, Carter ne ya ja wani dogon ƙyalle ya tare shi. Tare wa aboki harsashi ma ana yi, Danny ya yi, Jenko ya yi, amma an yi shi har ya tsufa. In za ka yi, ka nemo yadda zai ba da dariya ko ka nemo wata sadaukarwar: muƙami, ƙarin girma, sunan gida.

Mataki na 8: Rufewa, da gwajin rubutun

Ƙarshe yana son zaɓi da kuma kaya a hannu. An yi wa Carter tayin aikin FBI da ya daɗe yana kwaɗayi, ya watsar, ya bi Lee Hong Kong. An roƙi Angel ya koma Landan, ya ce ya zauna. Riggs ya kawo harsashin nan da ya ware wa kansa gidan Murtaugh ranar Kirsimeti, a matsayin kyauta, don ba ya buƙatarsa kuma. Mullins ta rubuta wa Ashburn a littafin tunawa na makaranta cewa yanzu ta yi 'yar'uwa. Harsashin da littafin, kowanne abu ne da aka nuna tun da wuri, ƙarami, wanda za a iya riƙewa. Ka dasa naka kafin shafi na talatin. Kuma su rabu da mai kallo suna gardama, kada ka mayar da su salihai.

In ka gama daftarin farko, yi masa gwaji uku. Ka rufe sunayen masu magana ka ba wani ya karanta shafi biyar. In ya kasa gane wa yake magana, muryoyinsu sun narke cikin taka. Ka jera fitowar da suke tare kaɗai, ka rubuta a gefen kowacce yadda suke kiran juna da nisan da ke tsakaninsu. In fitowa uku a jere ba abin da ya motsa, biyu daga ciki na yankewa ne. Sannan ka zaunar da 'yan wasan biyu su karanta fitowar mota da ta abinci da ƙarfi, tun kafin a kashe ko kwabo a kan kayan aiki. Jackie Chan da jiki yake ba da dariya, Chris Tucker da baki, shi ya sa ba sa take ƙafar juna. In naka biyun duk masu baki ne, ka rage wa ɗaya layuka ka ba shi abin yi da hannu, ko ka canza ɗan wasa tun ba a ɗauki fitowar farko ba.